Kalmar "Source": Ma'anarta da Inda Ta Fito

Akwai waɗansu kalmomin Turanci da su ke bin mutum har ƙauyensu, ko da bai taɓa shiga makarantar boko ba. Su kan zo a jikin takardar banki, ko a takardar da ma'aikacin lafiya ya ke cikawa, ko a ƙarƙashin hoto cikin jarida. Yau za mu ɗauki ɗaya daga cikinsu mu duba ta da kyau. Ga yadda a ke rubuta ta: source. Haruffa shida ne: s, o, u, r, c, e. Kowa ya rubuta su a littafinsa kafin mu ci gaba.

Amma kada ku karanta ta yadda mu ke karanta Hausa. A Hausa abin da ka rubuta shi ka ke faɗi. Turanci ba haka ya ke ba. Mutanen Ingila su kan ce "sos", su ja wasalin kaɗan. Ba su furta r ɗin, c ɗin kuwa ta zama s, e ɗin ƙarshe kuma ba a jin ta sam. Mutanen Amurka su ne su kan ɗan taɓa r ɗin. Kun ga haruffa shida, amma sauti uku kawai ke fita daga baki.

To, mene ne ma'anarta? A taƙaice dai, wurin da abu ya fito, ko abin da ya haife shi. Sai dai mu a Hausa ba mu da kalma guda da za ta ɗauke ta duka. In ruwa a ke magana, mu kan ce idon ruwa, ko maɓuɓɓuga. In kogi ne, mu ce mafarinsa. In labari ne, mu ce majiya. In cuta ce ko rigima, mu ce tushenta, ko asalinta. In kuɗi ne, mu ce hanyar samu. Bature ya tara waɗannan duka ya ɗora wa kalma ɗaya. Wannan ba gazawar Hausa ba ce. A ganinmu ma Hausa ta fi fayyacewa a nan, don Bahaushe da jin "majiya" ya san zancen labari a ke yi, ba na rijiya ba. Mai karatun Turanci kuwa sai ya dubi sauran kalmomin da ke kewaye da ita tukuna.

Yanzu bari mu bi sawun kalmar mu ga daga ina ta zo, don ita ma tana da nata tushen.

Asalinta ba ta Ingilishi ba ce. Shekaru dubu biyu da suka wuce, Rumawa su ke mulkin yawancin ƙasashen Turai, harshensu kuwa shi a ke kira Latin. A cikin harshen nan akwai kalma surgere, ma'anarta tashi, ko miƙewa, ko ɓullowa sama. Ita ma haɗi ce ta kalmomi biyu: sub, watau daga ƙasa, da regere, watau miƙar da abu. Mutum in ya tashi daga kwance, da ita za a faɗa. Haka rana in ta ɓullo.

Rumawa sun mallaki ƙasar da yanzu a ke kira Faransa, mutanen wurin suka ɗauki harshensu. Da zamani ya yi nisa, harshen ya yi ta lanƙwashewa a bakinsu har ya zama Faransanci. Surgere ta koma sourdre, aka fi yin amfani da ita wajen ruwa in ya ɓuɓɓugo daga ƙasa. Daga nan aka sami sourse, watau abin da ya ɓuɓɓugo. Kada wannan ya ba ku mamaki. Haka mu ma muka yi wa kalmomin da muka aro. Littafi da alƙalami da asali duk daga Larabci su ke, tebur da mota da asibiti daga Turanci, kowace mun gyara ta ta dace da bakinmu.

Yaya aka yi ta ƙetare teku ta shiga Ingila? Yaƙi ne ya kai ta. A shekarar 1066 wani basarake mai suna William ya taso daga Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a wani wuri kusa da garin Hastings, ya hau gadon sarauta. Shi da fadawansa Faransanci su ke ji. Saboda haka har wajen shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a a Ingila, talakawa kuwa suna nan da Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun zauna daram cikin harshen. Abin ban dariya, har yau Bature in ya ga saniya a makiyaya da kalmar kakanninsa ya ke kiranta, cow, amma in an dafa namanta an kai tebur sai ya ce beef, kalmar Faransanci. A kan ce dalili shi ne talaka ke kiwo, basarake ke ci.

Cikin ƙarni na 14 ne aka fara ganin kalmarmu a rubuce-rubucen Ingilishi, a kan rubuta ta sours. Wani shahararren mawaƙinsu, Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita iri biyu. A wani wuri ya faɗe ta a kan shaho in ya yunƙura ya tashi sama. A wani wurin kuma ya faɗe ta a kan mafarin kogin Po na ƙasar Italiya. Ma'anar farko, ta tashin tsuntsu, ta mutu tuni. Ta biyun ce ta rayu, ta yi ta 'ya'ya.

Faransawa ma ba su yar da ita ba. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka yi karatun Faransanci, sun san ta sarai. Haruffan ɗaya ne, amma su "surs" su ke cewa, kuma da ita a ke nufin ruwan da ya ɓuɓɓugo daga ƙasa.

Mu dubi zancen kogi, tun da shi ne tsohuwar ma'ana. Kowane kogi yana da mafari, yana da inda ya ƙare. Kogin Kaduna daga tuddan Jos ya taso. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa. Binuwai daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru. Amma babbansu, Kwara, labarinsa ya fi ban mamaki. Mafarinsa yana can cikin duwatsun ƙasar Gini, kusa da iyakar Saliyo. Daga wurin zuwa teku bai fi mil 150 ba. Da ya nufi yamma, da tafiyarsa ba ta yi nisa ba. Sai ya juya wa teku baya, ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu, ya kusa Tambutu a bakin Sahara. Daga nan ya karkato kudu maso gabas, ya bi ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya, ya wuce Yawuri da Jaba, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ya faɗa teku. Tafiyar duka wajen mil 2,600 ce, watau kusan kilomita 4,200.

Wannan baƙuwar hanya ta rikita Turawa shekaru da yawa. Waɗansu sun zaci reshen kogin Nilu ne, waɗansu suka ce cikin wani tafki ya ke ƙarewa. Mungo Park ya iso bakinsa a Segu a 1796, ya ga da idonsa gabas ya ke gudu. Ya dawo don ya bi shi har ƙarshe, ya hallaka a Busa a 1806. Sai a 1830 waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi shi cikin kwalekwale har teku. In kun ji an ce Turawa sun "gano" Kwara, ku fahimci cewa su ne ba su san shi ba. Sarkawa da Nufawa da sauran masu kwalekwale sun daɗe suna ci suna sha a kansa.

Wani zai ce, to ina ruwan manomi da mafarin kogi? Ku tambayi mutanen Yamai da na Yawuri. Kwara ya kan kawo musu ruwa sau biyu. Na farko da damina, daga ruwan saman da aka yi kusa da su, jajawur da laka. Na biyu kuwa da sanyin hunturu ya ke zuwa, sa'ad da ko ɗigo ba a yi. Wannan ruwan da aka yi ne a Gini tun da damina. Ya bazu cikin manyan fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso. Wanda bai san mafarin kogin ba zai ga abin kamar almara. Wanda ya sani kuwa ya san lokacin da zai janye shukarsa daga bakin gaɓa.

Daga kogi sai aka ɗauki kalmar aka ɗora wa kowane abu mai mafari. A nan ne ta fi shafar lafiyarmu, don haka za mu ɗan daɗe.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar kwalara, amai da gudawa, ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan mutane suka mutu, kafin ta lafa ta kashe fiye da 600. A zamanin nan yawancin likitoci sun ɗauka mugun wari ne cikin iska ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gida gida yana tambaya: ina kuke ɗiban ruwan sha? Ya ga yawancin mamatan daga famfo ɗaya su ke sha, na wani titi da a ke kira Broad Street. A titin nan akwai wata masana'anta da ma'aikatanta ba su shan ruwan famfon, su kuwa cutar ba ta kashe su ba. Akwai kuma wata tsohuwa da ke zaune can nesa, a wata unguwa dabam, amma don tana son ɗanɗanon ruwan famfon nan, a kan ɗebo a kai mata. Ita ma ta kamu, ta mutu.

Snow ya kai wa hukumar unguwar wannan bayani, aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Gaskiya cutar ta riga ta fara sauƙi kafin nan, don mutane da yawa sun gudu. Amma daga baya da aka tona, sai aka tarar da ramin ƙazanta dab da rijiyar, yana tsiyaya cikinta. Ku lura, Snow bai ga ƙwayar cutar da ido ba, sai bayan wajen shekara 30 aka tabbatar da ita. Tushen kawai ya nema, ya kuwa same shi ta wurin tambaya.

Mu ma muna da irin wannan labari a gida. Dattawan cikinku sun san kurkunu, sun san yadda ya kan kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Tushensa ruwan tafki da na kududdufi. Mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa cikin ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, waɗansu ƙananan ƙwari na cikin ruwa su haɗiye su, wani ya zo ya sha. Bayan wajen shekara guda sai ta fito masa. Da aka ƙidaya wajen 1988, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Da me aka yaƙe shi? Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki. Mutum na ƙarshe da aka samu da shi a Nijeriya a 2008 ne, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da shi.

Saboda haka in ma'aikacin lafiya ya zo da takarda, kuka ga an rubuta source of water, tambayar ita ce daga ina ku ke samun ruwan sha. Rijiya ce, ko famfo, ko rafi, ko tafki? Ku faɗa masa gaskiya. Waɗansu su kan ji kunya su ce rijiya, alhali kuwa da rani tafki su ke sha. In kowa ya ce rijiya, a ofis za a rubuta cewa ƙauyen nan ba ya bukatar kome.

A takardar banki kuma za ku ga source of income. Ana tambaya ne ta wace hanya ka ke samun kuɗi: noma, ko kiwo, ko ɗinki, ko fatauci, ko albashi. In wani ne ya ke cika maka takardar, ka sa ya karanta maka abin da ya rubuta a wurin kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Ran da magana ta tashi, ba za a nemi mai rubutun ba, mai yatsan za a nema.

Sai majiya. Wannan ma'ana ba ta kai ta kogi tsufa ba, amma yau ita ce ta fi yawo. In kun duba ƙarƙashin hoto ko taswira ko jerin lissafi cikin jarida, sau da yawa za ku ga an sa kalmar nan da ƙananan haruffa, da ɗigo biyu a gabanta, sa'an nan suna. Ana gaya muku ne daga wurin wa aka samo abin, don mai shakka ya je ya bincika. Ɗan jarida kuma ya kan ce "wata majiya ta shaida mana". Wani lokaci yana ɓoye sunan ne don ya kāre mutumin daga fushin manya, wannan kuwa daidai ne. Amma labarin da aka ɓoye majiyarsa bai kai wanda aka bayyana tasa ƙarfi ba.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Malaman hadisi tun da daɗewa ba su karɓar magana sai da isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga wanda ya ji da kunnensa. In mutum ɗaya cikin jerin an san shi da ƙarya ko yawan mantuwa, maganar ta yi rauni. Kalmarmu ta salsala ma daga Larabci ta ke, ma'anarta sarƙa. Masu binciken tarihi su ma haka su ke rarrabewa. Wanda ya ga abu da idonsa ya rubuta, shi ne majiya ta fari. Misali Muhammadu Bello, wanda ya halarci yaƙe-yaƙen jihadi da kansa, ya kuma rubuta labarinsu cikin Infakul Maisuri a 1812. Wanda ya zo daga baya ya karanta ya sāke faɗi, shi ne majiya ta biyu. Sai dai ko ganau ma ta gefensa ya ke gani, shi ya sa a kan nemi abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa a gwada.

Ga abin da rashin tambayar majiya ya taɓa jawowa. A 2014 cutar Ebola ta shigo Ikko. Cikin watan Agusta, a dare ɗaya, saƙo ya bazu ta wayar hannu ko'ina cikin ƙasa, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne kariya. Ɗa ya bugo wa uwa, wa ya bugo wa ƙane, kowa don ƙauna. Kafin gari ya waye mutane da yawa sun sha. Aka kwantar da waɗansu a asibiti, waɗansu suka rasa rayukansu, don gishiri mai yawa guba ne, balle ga mai hawan jini. Ba likitan da ya faɗi haka, ba hukumar da ta faɗa. Cutar kuwa ba ta wuce Ikko da Fatakwal ba, a watan Oktoba na shekarar aka shaida ta ƙare a Nijeriya. Kowa da ya sha gishirin nan ya san wanda ya gaya masa. Abin da bai sani ba shi ne wanda ya gaya wa wancan. Da an bi sarƙar baya kaɗan, da an tarar ba ta ɗaure a jikin kome ba.

Akwai sauran wuraren da za ku gamu da kalmar, ba sai mun daɗe a kansu ba. 'Yan kasuwa sun mai da ita aiki, in sun faɗe ta suna nufin nemo kaya daga inda a ke yin su. Masu aikin kwamfuta suna kiran rubutun umarnin da su ke yi wa na'ura source code, in kuwa an bar shi a buɗe kowa ya gani ya gyara, sai su ce open source, sunan da aka raɗa a 1998. Tana kuma da 'yan'uwa da suka fito daga tsatson surgere. Akwai resource, watau abin da a ke komawa gare shi a ɗiba, kamar ƙasar noma da ma'adinai da dazuzzuka. Akwai surge, tasowar abu da ƙarfi gaba ɗaya, kamar ambaliya, ko wutar lantarki in ta zo da yawa ta ƙona rediyo. Akwai insurgent, mai tayar wa hukuma da ƙayar baya, wadda ku kan ji cikin labarai. Duk cikinsu akwai tashi.

Wata kalma kuma tana nan da za ta iya ruɗe ku, ita ce sauce. A bakin mutumin Ingila sautinsu ɗaya ne, "sos", ba bambanci ko kaɗan. Amma ba su haɗa dangi ba. Ita wannan romo ce ko miya da a ke zubawa a kan abinci, asalinta kuwa daga wata kalmar Latin mai nufin abin da aka sa wa gishiri. A rubuce ne za ku rarrabe su: ta miya tana da a bayan s, ba ta da r, haruffanta biyar. Ita za ku gani a jikin kwalba ko gwangwanin tumatir a kanti. Ku rubuta su biyun a jere, ɗaya bisa ɗaya, ku ja layi ƙarƙashin haruffan da suka bambanta.